Kalmar 'frontier': asalinta, ma'anoninta da yadda take shiga Hausa

A ranar 16 ga Agustan 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a kan Dokar Masana'antar Man Fetur. Cikin sassan dokar da suka fi jawo ce-ce-ku-ce akwai wanda ya ware kashi 30 cikin 100 na ribar mai da iskar gas da kamfanin NNPC ke samu daga wasu kwangilolinsa, domin neman mai a yankunan da aka kira "frontier basins". Duk wanda ya buɗe ƙaramin ƙamus zai tarar an fassara "frontier" da iyaka ko kan iyaka. Sai dai cikin yankunan da ake nufi har da kwarin Bida, wanda ke tsakiyar Najeriya, nesa da kowane shingen kwastan. Mai fassarar da ya rubuta "yankunan kan iyaka" ya ɓatar da mai karatu ke nan, domin abin da dokar ke nufi shi ne wuraren da ake kyautata zaton akwai mai a ƙarƙashinsu amma ba a zurfafa bincike ba tukuna.

Kalma ce da ma'aikacin jarida ke yawan cin karo da ita: a labarin mai, a labarin kasuwar hannun jari, a tarihin sojan Najeriya, da kuma 'yan shekarun nan a labarin ƙirƙirarriyar basira. Ana furta ta kusa da "furantiya". A kowane fage da irin rigar da take sawa, shi ya sa kalmar Hausa guda ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyinta duka.

Daga goshi ta samo asali

Tushen kalmar shi ne "frons" na harshen Latin, ma'ana goshi. Daga nan tsohon Faransanci ya samar da "frontiere", wadda ake faɗa wa sahun gaba na mayaƙa da kuma fuskar gini, daga baya ta koma sunan gefen ƙasa da ke fuskantar abokan gaba. Ta shiga Ingilishi wajen shekarar 1400. Ke nan tun farkon farawa kalmar fuskanta take nunawa, wato wurin da ƙasa ta juya goshinta ga wani. Mayaƙa ne suka riga masu zanen taswira amfani da ita.

Wannan ba baƙon tunani ba ne ga Bahaushe. Shi ma yana aron goshi domin abin da ya gabato, ya ce goshin magariba ko goshin azumi. Idan ya zo maganar ƙarshen wuri kuma sai ya ari kai da baki: kan iyaka, bakin iyaka, bakin daji, bakin daga. Larabawa suna da "thaghr", jam'inta "thughur", wadda asalinta kafa ce ko giɓi, har ana faɗa wa baki da haƙoran gaba, sannan ta zama sunan wurin da ake tsoron maƙiyi ya ɓullo ta cikinsa.

A kudancin Sifaniya akwai garuruwa irin su Jerez de la Frontera da Arcos de la Frontera, waɗanda a yau ba su yi iyaka da kowace ƙasa ba. Sunan ya manne musu ne tun zamanin da suke kan gaɓar da ta raba masarautar Kastila ta Kiristoci da daular Musulmi ta Garnaɗa, wadda ta faɗi a 1492. Gaɓar ta gushe fiye da shekara 500, sunan ya zauna.

Layi da yanki

Ingilishi na da kalmomi uku da Hausa kan tara a cikin "iyaka", kuma masana labarin ƙasa suna bambanta su. "Boundary" layi ne da ba shi da faɗi, kamar iyakar gona da ake shatawa da gamba ko bini-da-zugu: taku ɗaya, mutum ya fita gonarsa ya shiga ta maƙwabci. "Border" ita ce iyakar ƙasa da ƙasa tare da ƙofofinta da jami'anta, ita ce Hausa ta ara ta ce "boda". "Frontier" kuwa, a ma'anarta ta tarihi, yanki ne mai faɗi, inda ikon hukuma ke raguwa sannu a hankali har ya ƙare ba tare da an san daidai inda ya ƙare ba. Masani Ladis Kristof, a wata maƙala da ya wallafa a 1959, ya nuna cewa layin iyaka ciki yake kallo, aikinsa ya tsare abin da aka mallaka, yayin da "frontier" ke kallon waje, inda ake sa ran ƙarawa gaba.

Wannan rabe-rabe na masana ne. A bakin jama'a kalmomin suna cakuɗa. Turawan Ingila sun daɗe suna kiran iyakar ƙasashen Turai "frontier" ba tare da wata ma'ana ta daban ba. A Faransanci ma "frontière" ita ce kalmar yau da kullum ta iyakar ƙasa, don haka duk takardar gwamnatin Nijar ko Chadi ko Kamaru da ta ambace ta, iyaka kawai take nufi. Misali mafi kusa shi ne sunan ƙungiyar likitocin nan da aka kafa a Faransa a 1971, Médecins Sans Frontières. Da aka mayar da sunan Ingilishi, "borders" aka sa a madadin kalmar da ta fi kama da ta asali. Gidajen rediyon Hausa kuwa sun kauce wa tarkon gaba ɗaya, suka ce ƙungiyar likitoci ta na-gari-na-kowa, fassarar da ta bar kalma ta kama manufa.

Ma'anar da Amurka ta ƙara mata

A Amurka ne kalmar ta sami ma'anar da ta fi yin tasiri a duniya. Turawan da suka sauka a gaɓar Tekun Atilantika suka riƙa kutsawa yamma, kuma gefen da matsugunansu suka tsaya a kowane zamani shi suke kira "frontier". Gefe ne mai tafiya. Da farko duwatsun Appalachia ne, daga baya kogin Mississippi, daga baya manyan filayen ciyawa na tsakiya, har aka dangana da Tekun Fasifik. Dokar rabon filaye ta 1862 ta ba duk wanda ya cika sharaɗi eka 160, muddin ya zauna a wurin ya noma shi shekara 5. Hukumar ƙidaya ta ƙasar har ma'auni ta yi wa abin: inda mazauna ba su kai mutum 2 a kowane murabba'in mil ba, nan ne bayan layi. Bayan ƙidayar 1890 hukumar ta sanar cewa matsugunai sun watsu ta yadda ba za a iya zana irin wannan layi ba kuma.

Wannan sanarwa ce masanin tarihi Frederick Jackson Turner ya ɗauka ya gina laccar da ya gabatar a Chicago a watan Yulin 1893. Ra'ayinsa shi ne cewa halin Ba'amurke, da dogaro da kai, da ƙin a yi masa katsalandan, da irin dimokuraɗiyyarsa, duk a wannan gefe aka ƙera su, inda mutum ke fuskantar daji da gatarinsa da bindigarsa, ba sarki ba hakimi. Ya kuma yi nuni da cewa rufewar gefen ta kawo ƙarshen babi na farko na tarihin ƙasar. Laccar ba ta ja hankali sosai a ranar ba, amma cikin shekaru kaɗan ta zama abin da ake koyar da ɗaliban tarihi a faɗin Amurka. Finafinan kaboyi da aka sha kallo a gidajen siliman Kano da Kaduna da Jos, da mahayin doki shi kaɗai a fili, da ƙaramin gari mai titi ɗaya, wannan tunani ne aka mayar hoto.

Babban aibin ra'ayin shi ne ƙasar da aka kira fanko tana da masu ita. Ma'aunin hukumar ƙidaya bai lissafa yawancin 'yan asalin nahiyar ba, kuma Turner ya ɗauki ɓangare ɗaya na layin a matsayin wayewa, ɗayan duhun kai. A shekarar da aka yi waccan ƙidaya, ranar 29 ga Disamban 1890, sojojin Amurka suka kashe mutanen Lakota fiye da 150 a Wounded Knee da ke Dakota ta Kudu, cikinsu har da mata da yara, wasu ƙididdigar ma sun kai adadin kusan 300. Daga baya masana irin su Patricia Limerick, a littafinta na 1987, suka nemi a karanta tarihin yammacin Amurka a matsayin tarihin mamaya. Abin da mai shigowa ya kira sabon fage, ga wanda aka tarar gidan kakanni ne.

Wannan shi ne abin da ya kamata mai fassara ya fi kiyayewa: kalmar tana da wurin tsayawa. Duk wanda ya furta ta yana tsaye ne a cibiya yana hangen gefe. An ga haka a Indiya ta zamanin mulkin Ingila, inda Lord Curzon ya ƙirƙiro lardin North-West Frontier a 1901, a ƙasar Fashtunawa da ke maƙwabtaka da Afghanistan. Sunan bai faɗi komai game da mutanen wurin ba, ya faɗi ne kawai inda suke idan an hango su daga fadar gwamna. Lardin ya ci gaba da amsa sunan har bayan kafuwar Pakistan a 1947, sai a 2010 aka canza shi zuwa Khyber Pakhtunkhwa bayan doguwar fafutuka.

Ribaɗi: ƙasar Hausa ta san abin tun kafin kalmar

Duniyar Musulunci ta daɗe da sanin irin wannan yanki. Tsakanin daular Abbasiyawa da Rumawa akwai jerin garuruwan tsaro kamar Tarsus da Malatya, su ne "thughur", kuma zaman dako a cikinsu shi ake kira ribaɗi, wanda malamai suka ɗauka ibada ce mai lada.

Daular Usmaniyya ta Sakkwato ta gaji wannan tsari, kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, shi ya fi kowa raya shi. Jihadin da aka fara a 1804 bai share abokan hamayya ba. Katsinawan da suka ƙi miƙa wuya sun kafu a Maraɗi, Gobirawa suka tare a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Kabawa suna Argungu, Damagaram na arewa maso gabas, daga baya kuma Ningi ta tsaya wa Kano da Bauchi a maƙoshi. Babu wani layi da aka shata tsakanin daular da waɗannan ƙasashe. Abin da ke akwai shi ne dazuzzuka masu faɗi da ba kowa ke kwana cikinsu ba, inda mahara ke ratsawa da rani su kwashi mutane da dabbobi.

Dabarar Bello ita ce kafa garuruwa masu ganuwa a bakin waɗannan dazuzzuka, a zaunar da mayaƙa da malamai da bayi da Fulani makiyaya, a ba su gonaki, a ɗora wani daga cikin 'ya'yan gidan sarauta ya jagorance su. Ribaɗi ke nan: sansani ne, makaranta ce, kuma gari ne mai noma abincinsa. Shi kansa Bello ya bar birnin Sakkwato ya tare a ribaɗinsa na Wurno, a can ya rasu, a can kabarinsa yake. Sarakunan Kano ma sun bi wannan hanya a gefen ƙasarsu. Wanda ke neman kalmar Hausa da ta fi kusa da tsohuwar ma'anar "frontier" ta soja, a nan zai same ta, ko da yake ribaɗi sunan garin ne da zaman da ake yi cikinsa, yankin kansa kuwa bakin daga ne ko bakin daji.

Akwai kuma wani nau'i da ba na yaƙi ba. Masanin al'adu Igor Kopytoff, a littafin da ya tace a 1987 kan wannan batu a Afirka, ya yi bayanin yadda mutane kan fice daga tsohon gari saboda rikicin sarauta ko ƙarancin gona ko nauyin haraji, su shiga dajin da ke tsakanin masarautu, su sare shi, su kafa sabon mazauni wanda wata rana zai zama gari mai sarki. Taswirar Arewa cike take da shaidar haka. Kowace Tungar wane da Gidan wane da Sabon Gida labari ne na mutumin da ya fara kafa bukka a inda babu kowa. Wasu daga cikin dazuzzukan da suka raba masarautun jiya, irin su Dajin Rugu tsakanin Katsina da Zamfara, su ne a yau suka zama maɓoyar 'yan bindiga, kuma dalilin bai canza ƙwarai ba: wuri ne da hannun hukuma ba ya kaiwa sosai.

Rundunar Lugga da layin Turawa

Kalmar kanta ta iso ƙasar Hausa ne a kafaɗar soja. A 1897 gwamnatin Ingila ta ɗora wa Frederick Lugard, wanda Hausawa ke kira Lugga, aikin haɗa rundunar West African Frontier Force, a daidai lokacin da Ingila da Faransa ke rige-rigen kafa tuta a ƙasar Borgu. Sunan ya nuna aikin: runduna ce ta gefen daula, mai tura gefen gaba. Hausawa na da yawa cikin sojojinta, kuma Hausa ce ta daɗe tana zama harshen bariki. Ita ce ta ci Kano a watan Fabrairun 1903, ta ci Sakkwato a watan Maris na shekarar. An ƙara mata laƙabin "Royal" a 1928, dakarunta sun yi yaƙin Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, aka rushe ta a 1960. Daga ɓangarenta na Najeriya ne rundunar sojan ƙasa ta yau ta tsiro.

Turawan kuma su suka mayar da yanki layi. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1890 ta ja layi a takarda daga Say a bakin kogin Kwara zuwa Barruwa a Tafkin Chadi. Aka sake gyara shi a 1898 da 1904 da 1906, galibi saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi tsakanin kogin da Damagaram. Tsakanin 1906 da 1908 aka bi ƙasa aka kafa alamomi 148. Iyakar Najeriya da Nijar ta yau ke nan, mai tsawon kimanin kilomita 1,500. A wurare da dama ta bi sawun tsohuwar gaɓar da ke tsakanin daular Sakkwato da Maraɗi da Gobir da Damagaram. Bambancin shi ne tsohuwar gaɓa tana numfashi, takan matsa kudu ko arewa gwargwadon ƙarfin sarki, fatake kuma suna ratsa ta. Sabuwar ana iya rufe ta da sanarwa guda, kamar yadda aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, lokacin da motocin kaya suka yi jerin gwano a Jibiya da Illela da Maigatari.

Ma'anar aro

Daga ma'anar Amurka ne aka ari kalmar zuwa duk wani fage da ba a riga an taka ba. A 1945 Vannevar Bush ya sa ta a sunan rahoton da ya miƙa wa shugaban Amurka kan makomar binciken kimiyya. A 1960 John F. Kennedy ya kira manufofinsa "New Frontier" a jawabin karɓar takara a Los Angeles, yana nufin ƙalubalen sararin samaniya da talauci da wariya. A harkar kuɗi, Farida Khambata ta hukumar IFC, reshen Bankin Duniya mai hulɗa da kamfanoni masu zaman kansu, ta ƙirƙiro "frontier markets" a 1992 domin kasuwannin hannun jari da ba su kai matsayin masu tasowa ba, masu riba da yawa da haɗari da yawa. Najeriya ta daɗe a wannan rukuni, har kamfanin FTSE Russell ya cire ta a Satumban 2023, MSCI ma ya bi sahu a farkon 2024, saboda masu zuba jari na waje sun kasa samun dalar da za su fitar da kuɗinsu. A taron da Birtaniya ta shirya a Bletchley Park a Nuwamban 2023 kuwa, kalmar ta zama sifar manhajojin ƙirƙirarriyar basira mafiya ƙarfi, waɗanda ke sahun gaba.

Ma'anar da ke cikin dokar mai daga wannan reshe take. Kwarin Chadi da na Sakkwato da na Bida da na Binuwai da na Anambara sababbin fagage ne idan aka auna su da Neja Delta, inda aka sami mai mai yawa a Oloibiri tun 1956. Rijiyar Kolmani da ke tsakanin Bauchi da Gombe, wadda Buhari ya ƙaddamar da aikinta a Nuwamban 2022, tana cikinsu. Gwamnonin Kudu sun soki kashi 30 ɗin, suna kwatanta shi da kashi 3 da dokar ta tanadar wa al'ummomin da ake haƙo mai a ƙasarsu, kuma da yawa sun ɗauki kalmar a matsayin wani suna na Arewa, alhali jerin yankunan ya haɗa har da kwarin Dahomey da ke kudu maso yamma.

Yadda za a faɗe ta da Hausa

Idan maganar ƙasa da ƙasa ce, musamman a rubutun da ya fito daga Faransanci ko tsohon Ingilishin Birtaniya, iyaka ko kan iyaka ta wadatar. Idan tarihin yaƙi ne, bakin daga ko ribaɗi sun fi dacewa, gwargwadon zamani da wuri. Tarihin Amurka ya fi wuya, domin babu kalma ɗaya, sai a ce gefen matsugunan Turawa ko ƙarshen inda mamayarsu ta kai, kuma zaɓin da mai fassara ya yi tsakanin "matsuguni" da "mamaya" hukunci ne da ya yanke, ko ya sani ko bai sani ba. A ilimi da fasaha, sabon fage ko sahun gaba suna aiki. "Iyakar ilimi" kuwa tana juya ma'anar, domin a Hausa iyaka ƙarshe ce: wanda ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa yana nufin ba sauran abin da zai ƙara, alhali Baturen da ya ambaci "frontier" na ilimi yana nufin daga nan ne ake shirin farawa.

Hausa ba ta ari kalmar ba, duk da shekara 63 da rundunar da ke ɗauke da sunan ta yi a ƙasar. Direban da ke lodi daga Katsina zuwa Maraɗi boda yake cewa idan yana nufin wurin da ake duba takardu, manomin da gonarsa ta ratsa layin a ƙasar Daura kuma iyaka yake cewa, kalmar da yake faɗa wa gambar da ta raba shi da maƙwabcinsa.